Hannuwan Da Suka Fito A Makarar Inna Hindu

Akwai wani mai walda da aka yi a Jega, Mu'azu sunansa, a shekarun da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato. Lokacin gine-gine sun tashi ko'ina. Kowa na son ƙyauren ƙarfe da tagogi, masu walda ba sa samun zama.

Mu'azu ya yi shekara shida a Kaduna yana aiki a wani kamfanin ƙera kujeru, ya dawo gida da abin da ba a taɓa gani ba a yankin. Shi fentinsa ba na ruwa ba ne, gari ne mai laushi kamar na tuwo. Sai ya goge ƙarfe tas, ya fesa masa garin da wata 'yar bindiga mai aiki da lantarki, garin ya manne, sannan ya tura ƙarfen cikin tanderun da ya ƙera da kansa a bayan shago. In ya gasu ya fito, fentin ya zama fatar ƙarfen. Ko da ƙusa ka karce shi, da ƙyar ya nuna.

Fentin gari, haka mutane suka sa masa suna. Har daga Aliero da Maiyama ake zuwa kallo. Tun Mu'azu na amsa gaisuwa da fara'a, har ya koma amsawa da ka. Sauran masu fenti kuwa 'yan buroshi yake kiransu, ko da sun haife shi.

Wata safiya da bazara, abokinsa Lauwali ya tsayar da a-kori-kurarsa a ƙofar shagon. Lauwali direba ne, mutumin wani ƙauye a bayan Maiyama. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don jikokin mutanen suna nan da ransu. Ya zagayo ya buɗe ƙofa, wata tsohuwa doguwa siririya ta sauko a hankali.

"Mu'azu, ga Inna Hindu ta garinmu," in ji Lauwali. "Ita ka yi muna daddawa. Tana da magana da kai."

Tsohuwar ta gaishe shi, ta ƙi kujerar da aka miƙo mata, ta zauna a ƙasa.

"Ɗana, makara nika so ka yi min."

Mu'azu ya yi dariya. "Haba Inna, tun yanzu?"

"Ba tawa ni kaɗai ba, ta gari duka. Wadda muke da ita ta gora ce, gara ta gama da ita. Bara da anka ɗauki mai gidana, ina leƙe ta katanga na ga ta karkace da shi a bakin hanya, sai da anka tsaya anka ɗaure da igiya. Tun rannan ban sake barci mai daɗi ba. Na sai da awakina duka. Ka yi min ta ƙarfe, wadda za ta daɗe bayan raina."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya nuna mata gutsattsarin ƙarfen da ya rataye a bango, kowanne da launinsa, ya ce ta zaɓa. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗora yatsa a kan wani mai ruwan azurfa, yana ƙyalli kamar sabon faranti.

"Wanga. Mai tahiya gidan gaskiya shi tahi da haske."

"Inna, bari in gaya maki gaskiyar aikin," in ji Mu'azu. "Kore da baƙi, shafi ɗaya ya ishe su, ba su buƙatar komai a sama. Amma wanga na azurfa akwai ƙurar ƙarfe a cikinshi. Sai an sa mashi riga ta biyu, wani gari ne da in ya gasu yake zama garai-garai kamar gilashi. In ba a sa ba, gumi da ruwa su ka ɓata shi, shi yi baƙi."

"To a sa mata rigar ta biyu."

"An gama, Inna."

Ku lura, jama'a, ba wanda ya tilasta masa wannan bayani. Da bakinsa ya yi shi.

Ya ƙera makarar cikin mako guda, ya yi mata hannuwa huɗu dogaye da ƙafafu gajeru. Aiki ne mai kyau, ba ƙarya. Ya fesa ruwan azurfa ya gasa. Saura riga ta biyu.

A ranar ne Alhaji Maiwada, wani babban dillalin albasa na Aliero, ya zo da kansa. Ya gama sabon gida a bakin titi, walima saura kwana goma, yana son ƙyaure mai ruwan azurfa wanda duk motar da ta wuce sai an waiwayo.

Mu'azu ya shiga ciki ya buɗe gwangwanin garin riga ta biyu. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda ya zo da su daga Kaduna, kuma an riga an ci fiye da rabinsa. Zai ishi ƙyaure, ko ya ishi makara. Ba zai ishi duka biyun ba. Kafin a aika Kaduna a kawo wani, walima ta wuce.

Ya tsaya da gwangwanin a hannu. Ƙyauren Alhaji a bakin titi zai tsaya, duniya ta gani ta tambayi wa ya yi. Makara kuwa a bayan masallacin ƙauye za ta kwanta.

"Mamaci ba ya duba fenti," ya faɗa a fili, shi kaɗai a cikin shago. Ya rufe gwangwanin ya ajiye wa Alhaji.

Ranar da aka kai makarar ƙauye, gari ya fito kallo. Tana walƙiya a rana, ba mai iya gane an rage mata wani abu. Aka aika aka kira Inna Hindu. Ta baro aikin daddawarta, hannunta ko bushewa bai yi ba daga ruwan toka. Ta durƙusa a wajen kan makarar, ta ɗora tafukanta biyu a kan faifan ƙarfen da kan mamaci zai kwanta, ta daɗe tana addu'a.

Da ta shafa, ta ɗago ta dube shi.

"Ɗana, ka sa rigar ta biyu?"

Liman na tsaye, mai gari na tsaye.

"Wallahi na sa, Inna."

Ta daɗe tana sa masa albarka.

Damina ta sauka. Mu'azu ya manta da zancen makara, don ƙyauren Alhaji ya jawo masa aiki har yana mayar da wasu.

Bayan wata biyu Lauwali ya shigo shagon, bai yi barkwancin da ya saba ba. Ya zauna a kan benci yana juya makullin mota a hannu.

"Mu'azu, makarar nan taka, wani abu ya hito a jikinta."

"Tsatsa?"

"Da tsatsa ce da sauƙi. Hannuwa."

Mu'azu ya kashe injin walda.

Lauwali ya ba shi labari da murya ƙasa-ƙasa. Da fari ladan ne ya yaye tabarmar da ake rufe makarar, ya ga tafin hannu biyu a wajen kai. Baƙaƙe, da yatsu dogaye sirara, har zanen tafin ana gani. Aka wanke da sabulu, suka ƙi fita. Hannun mace ne, kowa ya gani. To mace ba ta ɗaukar makara.

Daga nan duk jana'izar da aka yi, bayan 'yan kwanaki sai hannuwan waɗanda suka ɗauka su fito a inda suka riƙe. Ba sa fitowa rana ɗaya. Yau ka ga inuwa, gobe ta ƙara duhu, jibi hannu sosai.

"Akwai Malam Yahaya," in ji Lauwali, "babban yatsanshi a karkace yake tun yana yaro. Hannunshi ya hito, kowa ya gane shi. Kwana takwas zazzaɓi ya kama shi, ya cika. Bayanshi Nafi'u mahauci. Yanzu mutane sun ce makarar rubuta suna take. Wanda hannunshi ya hito, shi ka bi."

"Hannun macen fa?" Mu'azu ya tambaya.

"An tuna wadda ta ɗora hannu a wurin ranar da anka kawo ta," in ji Lauwali. "Sun ce Inna Hindu mayya ce. Sun ce da gangan ta kawo, tarko ne."

Mu'azu ya san abin da ya faru tun kafin abokinsa ya rufe baki. Gumi ne, da ruwan toka, da laimar damina, sun ci ƙurar azurfar da ba a rufe ba. Zazzaɓi kuwa kowace damina yana ɗaukar mutane. Magana guda daga bakinsa ta isa ta kashe wutar.

Amma ya rantse a gaban liman da mai gari. In ya faɗa, labari zai riga shi isa kasuwar Jega.

"Ikon Allah," abin da ya ce ke nan. Ya sake tayar da injin.

Kwana uku abin na cinsa. A rana ta huɗu ya hau babur, bai gaya wa kowa ba, ya nufi ƙauyen da rana tsaka, lokacin da ya san mutane na gona. An gaya masa an fitar da makarar daga masallaci, an yar da ita a gindin wata tsamiya a bayan maƙabarta.

Ya ajiye babur daga nesa ya taka da ƙafa. Gero ya yi tsawo ya rufe hanyar gefe da gefe. Hadari ya haɗu amma ba iska, ko ganye ba ya motsi. Ba kukan tsuntsu, ba kukan akuya. Takunsa kaɗai yake ji.

Ya sami makarar a inuwar tsamiyar, ciyawa ta fara hawa ƙafafunta.

Duk da ya san dalili, sai da tsigar jikinsa ta tashi. Hannuwa ne ko'ina. Manya da ƙanana, wasu a kan wasu, wasu sun riƙe gam, wasu yatsu kawai kamar mai neman kamawa ya kuɓuce masa. Sun bi hannuwan makarar huɗu, sun hau gefunanta. Kai ka ce mutane ne daga ƙarƙashin ƙasa suka yi ta kamawa suna son fitowa. A wajen kai kuma ga tafukan nan biyu, sun fi kowanne baƙi, a kewayensu wani duhu ya bazu kamar hayaƙi.

Sai ya ji ƙara a bayansa. Shaa. Shaa. Kamar ana jan wani abu a kan ciyawa.

Ya juya da sauri, ƙafarsa ta harɗe da saiwa, ya tafi zai faɗi. Ya kai hannu ya dafa makarar.

Inna Hindu ce. Tana jan ƙafa ɗaya, tana riƙe da ƙwarya da tsumma. Da ƙyar ya gane ta. Ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito, idanunta sun faɗa.

"Ɗana, kai ne? Sannu da zuwa." Ta ajiye ƙwaryar. "Kai ne mutum na farko da ya tsaya na matso kusa da shi tun watan jiya."

Ta durƙusa, ta tsoma tsumman a ƙwarya, ta fara goge wajen kan. Ruwan toka ne a ciki. Mu'azu ya gane daga ina duhun nan mai kama da hayaƙi ya fito. Kullum tana zuwa ta goge, kullum tana ƙara ƙona fentin da hannunta, mutane kuma na hango ta daga gonaki tana shafa makara ita kaɗai a bayan maƙabarta.

"Kullum ina wankewa, kullum ƙara baƙi take," ta ce ba ta ɗago ba. "Ba mai sayen daddawata. In na yi sallama ba a amsawa. Mata na janye 'ya'yansu in na biyo hanya."

Ta tsaya da gugar. Ta ɗago kai.

"Na tuna abin da ka gaya min a shagonka. Ka ce in ba a sa riga ta biyu ba, shi ka yi baƙi. Ban gaya ma kowa ba, don ka rantse, ba ni son in ɗora ma ɗan mutane abin da bai yi ba. Ga mu daga ni sai kai sai Allah. Ɗana, ka sa?"

Wata tsawa ta yi gurnani can nesa. Mu'azu ya dubi idanunta. Bakinsa ya buɗe, gaskiya ta zo har maƙogwaro. Sai ya hango shagonsa, da layin ƙyamaren da ke jiransa.

"Na sa, Inna."

Ta ɗaga tafukanta biyu ta daɗe tana kallonsu, kamar ba nata ba.

"To ashe ni ce," ta faɗa a hankali. "An ce wani na da abin nan a cikinshi bai sani ba. Allah, ashe ni na kashe Yahaya."

Mu'azu bai san yadda ya isa wajen babur ba.

Daga ranar bai sake samun kansa ba. In ya ɗauki ƙarfe zai fesa, sai ya ga kamar inuwar yatsu a jiki, ya goge, ya sake gogewa, ba komai. Sau biyu ya bar ƙyaure a tanderu har ya ƙone. Abin da ya fi damunsa shi ne hannunsa da ya dafa makarar. Ya san gumi ne kawai. Shi ya fi kowa sani. Amma ya san can a gindin tsamiya, a hankali, hannunsa na fitowa cikin sauran, kuma ya kasa hana zuciyarsa ƙirga kwanaki.

Ya aika Kaduna aka kawo masa sabon garin riga ta biyu. Ya ajiye gwangwanin yana kallo. In ya je ya ce a ba shi makarar ya gyara, za a tambaye shi me ya lalace. Sai ya ce gobe. Goben ta zo, ya sake cewa gobe.

Ana nan Lauwali ya sake zuwa. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya.

"Hannuna ya hito, Mu'azu. Kahin a yar da ita, ni na riƙe gaba ta dama ranar jana'izar Nafi'u. Na je na duba, yana nan." Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "In na yi ma wani laihi, ka yahe min."

"Haba Lauwali, camfi ne."

"Kai ba ka gani ba shi ya sa."

Mu'azu ya bar shi ya tafi a haka.

Kwana shida bayan nan, wani direba ya tsaya ya gaya masa Lauwali na kwance, zazzaɓi ya hau kansa, yana ta sambatu yana kiran sunan Inna Hindu. Mu'azu ya rufe shago ya hau babur.

Tun daga bakin gari ya ji shirun. Ya bi sawun mutane har ƙofar gidan su Lauwali. Gari duka yana wurin, maza a gaba, mata a jikin katanga, amma ba mai magana. An shimfiɗa Lauwali a tabarma a tsakar fili, idanunsa a kafe, leɓɓansa sun tsage. An jawo makarar da igiya, don ba mai yarda ya taɓa ta, an ajiye a gefe.

Inna Hindu na tsaye a tsakiya. An ce ta tsallake marar lafiya sau uku, wai ta sako masa kurwarsa. Wani daga cikin 'yan'uwan Lauwali ya ce sai ta cire mayafi da ɗankwali tukuna, kada ta ɓoye wani abu a ciki. Liman ya ce wannan ba addini ba ne, amma muryarsa ta nutse, ba wanda ya dube shi.

Ba ta yi musu ba. Wannan ne ya karya Mu'azu. Da ta yi kururuwa, da ta yi rantsuwa, wataƙila da ya iya tsayawa a bayan mutane ya yi shiru. Amma ita da kanta ta zare mayafin ta ninke, ta kwance ɗankwalin. Furfurarta ta bayyana a gaban 'ya'yan da aka haifa a kan idonta.

"In ni na kama shi, Allah ya sa in sake shi," ta ce. "Ban san ina yi ba. Ku gafarce ni."

Ta ɗaga ƙafa.

"Inna, tsaya!"

Ya ratsa mutane ya shigo fili. Ya durƙusa a gaban mai gari.

"Ranka shi daɗe, tsohuwar ga ba ta da laihin komai. Ni ne. Ƙarya na yi. Ban sa ma makarar riga ta biyu ba, garin fentin a ƙyauren wani na sa shi. Duk hannun da kuka gani, gumi ne ya ci fenti. Nata ya fi baƙi don da ruwan toka a hannunta ta taɓa. Na rantse a gabanku a kan ƙarya, na sake yi mata ƙarya a gindin tsamiya."

Sannan wani ya ce daga baya, "Ta kama shi shi ma. Ita ka magana da bakinshi."

"A ba ni ruwan kanwa," in ji Mu'azu.

Wata mata ta miƙo a ƙoƙo. Ya juya makarar da hannunsa, mutane suka ja da baya. A ƙarƙashinta akwai wurin da ba wanda ya taɓa, yana ƙyalli kamar ranar farko. Ya tsoma hannu a ruwan kanwar, ya danna tafinsa a wurin, ya riƙe, sannan ya ɗauke.

Ba komai. Ƙarfe fari, da danshi.

Aka tsaya ana kallo. Ba ka jin komai sai numfashin Lauwali. Mu'azu ya fara tunanin in bai fito ba fa?

Sai wurin ya dushe. Ya koma launin toka. A gaban idon kowa yatsu biyar suka fito ɗaya bayan ɗaya, suka yi duhu.

Wata mata ta yi salati. Liman ya tako, ya naɗe hannun riga, ya tsoma nasa hannun a ƙoƙon, ya danna kusa da na Mu'azu. Aka sake jira. Nasa ma ya fito.

"To ga nawa," in ji liman, yanzu muryarsa ta fita. "Ni ma maye ne? Ku ɗauki yaron ga ku kai shi asibiti, ku ji tsoron Allah!"

Yayan Lauwali ya sharara wa Mu'azu mari har ya faɗi. Wasu suka taso, mai gari ya daka tsawa suka tsaya. Mu'azu bai kare fuskarsa ba. Daga inda yake kwance yana kallon Inna Hindu.

Ba ta dube shi ba. Ba ta dubi kowa ba. Ta ɗauki ɗankwalinta ta ɗaura, ta yafa mayafi, ta bi ta tsakiyar mutane. Aka buɗa mata hanya, kowa kansa a ƙasa.

An kai Lauwali asibiti a Jega. Zazzaɓin hanji ne, aka ce daga rijiyar da ruwan sama ya cika da ƙazanta. Ya yi mako uku ya tashi. Ya ci gaba da wucewa ta ƙofar shagon Mu'azu da motarsa, amma bai ƙara tsayawa ba.

Labari kuwa ya zaga. Waɗanda suka ba da aiki suka zo suka kwashe ƙarafansu. Masu buroshin da yake rainawa su suka karɓe. Mu'azu ya ɗauko makarar, ya kankare ta har ƙarfe, ya sake fesawa, ya sa mata riga ta biyu, ya mayar da kansa. Mutanen gari suka karɓa ba yabo ba fallasa. Da ya tambayi Inna Hindu, aka ce ta bar garin washegarin abin. Tana Jandutsi wajen 'yar ƙanenta, Gudiya.

Sai da ya yi wata biyu kafin ya iya zuwa.

Gudiya ta shigar da shi ba tare da ta amsa gaisuwarsa da kyau ba. Tsohuwar na zaune a tabarma a inuwar rumbu, ta lulluɓe da mayafi har hannuwa. Ya durƙusa daga nesa. Duk maganar da ya shirya a hanya ta gudu.

"Inna, na zo neman gafara."

"Ka gyara ta?"

"Na gyara."

"An ɗauki wani a kai?"

"An ɗauka, Inna. Ba abin da ya hito."

"Alhamdu lillahi." Ta gyaɗa kai. "Na yahe ma, ɗana. Tun ranar na yahe. Ba ni son in je gaban Allah da kayan kowa."

Ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Ta bar shi ya yi.

Suna haka 'yar Gudiya, jaririya mai rarrafe, ta taho ta kama gefen tabarmar, ta dafa gwiwar tsohuwar tana dariya, tana miƙa hannu a ɗauke ta.

Inna Hindu ta zabura. Ta janye jikinta, ta cusa hannuwanta can cikin mayafi, ta matse su a ƙirji.

"Gudiya! Zo ki ɗauke ta, maza!"

Gudiya ta zo ta ɗauki 'yar, idonta ya cika da ƙwalla. Ta dubi Mu'azu.

"Haka take tun da ta zo. Ba ta taɓa yaro, ba ta sa hannu a abincin kowa. Mun yi mata bayani har mun gaji."

"Inna," in ji Mu'azu, "ai kin gani da idonki. Fenti ne. Wallahi fenti ne."

Tsohuwar ta dube shi, ba fushi a fuskarta.

"Na gani, ɗana. Na kuma ji ka ce wallahi. To amma wancan karon ma wallahi ka ce. In wannan ne ƙaryar fa, don ka cece ni? 'Yar mutane ce. Gara in bari."

Ta rayu shekara huɗu bayan nan, ba ta sake ɗaukar yaro ba.

Darasi: Ba kowane fenti ne ke buƙatar riga ta biyu ba, amma wanda ke buƙata mai sana'a ya sani, kuma amana ce a wuyansa ko mai kaya ba zai gane ba. Ha'incin da ka raina, ba ka san a kan wa zai faɗa ba. Ƙarfe in ya ɓaci ana kankarewa a sake, amma zuciyar da ƙaryarka ta sa ta zargi kanta, ko gaskiyarka ba lallai ta gyara ta ba. Mu kuma sauran, mu ji tsoron Allah kafin mu jefi bawansa da abin da ba mu da ilimi a kai. Ka tura wannan labari ga duk mai sana'ar hannu da ka sani, da duk mai saurin yanke hukunci, ko Allah zai sa wata Inna Hindu ta tsira ta dalilinka.